Mako Bakwai Da Suka Ɓace Daga Fayilolin Masu Sikila

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Amintattu,
na asibitin masu cutar sikila da na yi wa aiki a Sabon Gari, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti.

Ranka ya daɗe, sunana Abdulganiyu Yusuf. A asibiti Ganiyu Kwamfuta ake ce mini, kuma ina jin da wannan sunan ka fi sanina. A Fagge aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo daga Offa da fataucin goro. Shekara goma sha ɗaya ina kula da kwamfutocin asibitinku, har ranar Alhamis ɗin da manaja ya miƙo mini takardar kora a bakin ɗakin magani, a gaban masu jiran layi. Sau uku na rubuto maka ta ofis ban samu amsa ba. Sau biyu na zo gidanka maigadi ya ce ka yi tafiya. Shi ya sa na fito fili. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, ba kuma zan ambaci na kamfanin da kuka ɗauko ya sabunta kwamfutocinsa ba, saboda akwai bayin Allah da ba su da wurin zuwa sai nan, kuma ba na son in tsorata su.

Takardar korar ta ce sakacina ne ya sa bayanan marasa lafiya na mako bakwai suka salwanta. Ga yadda abin ya faru. Zan faɗe shi yadda wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai gane, kuma ba zan ɓoye nawa laifin ba.

Na ɗaya: yadda aikin yake kafin a taɓa shi.

Shekara biyu ke nan da kwamitinku ya yanke shawarar a daina katin takarda. Tun daga lokacin, duk abin da likita ya sani game da mara lafiya yana cikin babbar kwamfutar da ke ƙaramin ɗakin nan na bayan ɗakin gwaji: rukunin jininsa, sau nawa aka ƙara masa jini, maganin da ke karɓarsa da wanda jikinsa ba ya so. Tun kafin wannan shawarar na tsara cewa kullum da ƙarfe shida na yamma kwamfutar za ta kwafe duk bayanan ta zuba a wani faifai na daban, domin ko babban faifan ya lalace a samu abin komawa.

Irin wannan kwamfutar ba a sarrafa ta da linzami da hotuna. Baƙin allo ne, rubuta mata umarni ake yi. Kuma ba kowane umarni take karɓa daga kowa ba. Duk babban aiki, irin kwafe bayanan marasa lafiya, sai an bi ta wata 'yar manhaja da ake kira sudo. Aikinta shi ne ta duba jerin izini, ta ga ko an yarda wane ya yi aiki kaza, sannan ta bari ko ta hana. A cikin wannan jerin na rubuta layi biyu. Na farko ya ba aikin ƙarfe shida izinin yin kwafi ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Da yake sunan fayil ɗin yana canjawa kullum bisa kwanan wata, sai na sa alamar tauraro a tsakiyar layin, ma'ana ko wace rana ce a bari. Layi na biyu ya ce duk sanda ta hana wani umarni, ta aiko mini da imel.

Shekara tara abin yana tafiya a haka. Sau uku kacal saƙon ya taɓa zuwa, kuma kowane lokaci washegari da safe na gyara. Saboda haka na saba da cewa in ban ji komai ba, to lafiya lau ne.

Na biyu: zuwan kamfani.

Wan mahaifina ya rasu a Offa, na ɗauki hutun kwana goma na tafi ta'aziyya. Kafin in tafi na ji ƙishin-ƙishin cewa kwamiti ya ɗauko wani kamfani daga Abuja da zai sabunta kwamfutocin. Na roƙi manaja a jira in dawo, ko a bari in zauna da injiniyansu ko na awa ɗaya. Ya ce mini in je in yi zaman makokina hankali kwance, ƙwararru ne.

Ba na cewa sabuntawa laifi ce. Tsarin namu ya tsufa, ni kaina na sha faɗa. Abin da ya faru shi ne, a sabon tsarin da suka ɗora, an cire tsohuwar sudo an sa wata sabuwa da aka sake rubutawa daga tushe. Sunansu ɗaya, yadda ake kiransu ɗaya, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Sabuwar ba ta yarda da alamar tauraro a tsakiyar layi, saboda waɗanda suka yi ta suna ganin ƙofa ce da ɓarawo zai iya bi. Kuma ba ta aika imel kwata-kwata. Waɗannan abubuwa biyu ba sirri ba ne. Suna rubuce a takardar bayanin da ke zuwa da ita, duk wanda ya buɗe zai gani. Aikin wanda ya sabunta ne ya karanta, ya duba jerin izinin da ya tarar, ya gyara abin da ba zai yi aiki ba. Ba su yi ba.

Akwai abu na uku, wanda shi kuma ba halin manhaja ba ne, aikin hannunsu ne: sun cire sunana daga cikin masu cikakken izini.

Na uku: abin da na yi da na dawo, da abin da ban yi ba.

Ranar Litinin na dawo aiki. Na zauna gaban baƙin allo na rubuta umarnin duba faifan ajiya, kamar yadda na saba. Ta ce ba ni da izini. Na nemi in karanta rajistar da kwamfutar ke rubuta duk abin da ya gudana a cikinta, nan ma ta hana. Na je wurin manaja. Ya ce kamfani ya ce tsaro ne, daga yanzu su za su riƙa duba komai daga Abuja, ni aikina shi ne firinta da kwamfutocin gaban tebur. Na rubuta masa takarda na ce ba ni da hanyar tabbatar da cewa kwafin ƙarfe shida yana tafiya. Bayan mako biyu na sake rubuta wata. Ina da kwafin duka biyun, da sa hannun sakatariyarsa a kan kowace. A ta biyun ya rubuta da jan biro cewa kamfani ya tabbatar komai na tafiya daidai.

Yanzu ga nawa laifin, ranka ya daɗe. Faifan ajiyar nan yana kan tebur, waya ɗaya ce ta haɗa shi da babbar kwamfuta. Da na ga dama da na zare shi na jona a tawa, cikin minti biyar zan ga ko akwai sabon kwafi a ciki. Na yi tunanin haka ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da har na ɗora hannu a kan wayar. Amma an riga an gargaɗe ni a rubuce cewa duk wanda ya taɓa kayan ɗakin nan ba da iznin kamfani ba a bakin aikinsa. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na cire hannuna. Na kuma lallashi kaina da cewa ai imel bai zo ba, ga ƙaramar fitilar faifan tana ci kore, ga jan biron manaja. Ban san a lokacin cewa babu sauran mai aiko imel ɗin ba. Wannan tsoron nawa ne, kuma da shi nake kwana nake tashi. Amma ba shi aka rubuta a takardar kora ba.

Na huɗu: ranar da faifan ya mutu.

Mako bakwai bayan sabuntawar, wata safiyar Litinin, babban faifan da bayanai ke ciki ya fara ƙara ƙas-ƙas, kafin azahar ya tsaya. Faifai yana mutuwa, ba abin mamaki ba ne, domin irin wannan ranar ake yin kwafi. Injiniyan kamfani ya iso ranar Laraba. Ya buɗe faifan ajiya ina tsaye a bayansa, Sista Ngozi, shugabar ma'aikatan jinya, tana bakin ƙofa. Kwafi na ƙarshe da ke ciki na ranar da ta gabaci sabuntawar ne. Bayansa babu komai.

Ya buɗe rajistar kwamfutar, wadda take a wani faifai daban da bai lalace ba. Da idona na gani. Layi ɗaya ne yake ta maimaituwa daga sama har ƙasa, kowace rana da ƙarfe shida daidai: aikin kwafi ya nemi izini, an hana. Ba ranar da bai nema ba, har ranakun Lahadi. Injiniyan ya karanta layukan har ƙasa. Sai ya juyo ya ce, "Oga, ka ɗan ba mu wuri." Na fita. Sista Ngozi ta bi ni baranda ta tambaye ni me na gani, na faɗa mata. Ta ce, "To ai gaskiya ta fito." Ni ma a ranar haka na zata.

Aka dawo da tsohon kwafin, asibiti ya ci gaba da aiki. Duk wanda ya buɗe fayil zai gan shi cikakke, babu alamar cewa wani abu ya ɓace. Na ce wa manaja a sanar da likitoci, a manna takarda a kowane ɗaki cewa duk abin da aka rubuta cikin mako bakwai ɗin nan babu shi. Ya ce kada a tayar da hankalin mutane, a jira rahoton kamfani. Sista Ngozi ta bi likitocinmu na kullum ɗaya bayan ɗaya ta faɗa musu da baki. Likitocin da ake ɗaukowa aikin ƙarshen mako ba wanda ya gaya musu.

Na biyar: Baraka.

Ba sunanta ba ne, amma da shi zan kira ta. Tela ce a unguwarmu, mai sikila, tun tana budurwa take zuwa asibitin. Mijinta yana tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, masallacinmu ɗaya da shi. Shekara shida da aurensu, wannan ne cikin farko da ya zauna har ya kai wata bakwai. Duk asibitin an san da cikin nan. In ta shigo, ma'aikatan jinya har tsokanarta suke yi wai ta fara ɗinka musu anko na suna.

A cikin waɗancan makonni bakwai an taɓa yi mata wata allura ta kashe ƙwayoyin cuta, jikinta ya ƙi ta, ta yi ƙuraje, numfashinta ya ɗan sarƙe. Likitan da ya gani ya rubuta a fayil ɗinta da manyan baƙaƙe cewa kada a ƙara yi mata ita. Wannan rubutun yana cikin abin da ya ɓace.

Ranar Lahadi, kwana huɗu bayan an dawo da tsohon kwafi, ciwon ya tasar mata da zazzaɓi mai zafi. Duk wanda ya taɓa ganin mai sikila a wannan hali ya san ba ta iya magana, sai nishi. Mijinta ya kawo ta a adaidaita-sahu. Likitan ranar baƙo ne, ya yi abin da ya kamata: ya buɗe fayil, ya duba wurin da ake rubuta maganin da jiki ba ya so, ya tarar babu komai. Ya tambayi mijin, mijin ya ce ya san akwai wata allura amma bai riƙe sunanta ba, ai yana cikin kwamfuta. Sista Ngozi tana coci. Aka yi mata allurar.

Ni ba likita ba ne, ba zan ce ga abin da ya jawo kaza ba. Abin da na sani shi ne an yi ta fama kafin a ceto numfashinta, an garzaya da ita babban asibiti, ta kwana tara a can. Ta rayu. Abin da ke cikinta bai zo da rai ba.

Na shida: korar.

Rahoton kamfani ya iso a mako na gaba, shafi biyu. Manaja ya karanta mini layi ɗaya daga ciki, bai ba ni na riƙe ba. Layin ya ce ma'aikacin cikin gida bai tabbatar da yin kwafi ba. Babu maganar alamar tauraro, babu maganar imel, babu maganar cire sunana, babu maganar rajista. Na ce a kira Sista Ngozi, ya ce ita ba ta san kwamfuta ba. Na ce a buɗe rajistar a gaban kowa, ya ce ba shi da izinin buɗewa, sai kamfani. Ba a kafa kwamitin bincike ba, ba a ba ni takardar tuhuma in amsa ba. Ranar Alhamis aka sallame ni.

Mahaifina ma'aikacin gwamnati ne a zamanin soja. A rediyo ya ji an kore su, nan take, ba a taɓa gaya masa laifinsa ba har ya koma ga Allah. Ya ƙare rayuwarsa yana gyaran keke kusa da tashar jirgin ƙasa. Da aka koma mulkin farar hula ina saurayi, shi ya fi kowa murna a gidanmu, yana cewa ko ba komai yanzu za a riƙa tambayar mutum kafin a yanke masa hukunci. Ban taɓa zaton a asibitin taimako, a hannun mutanen da nake gaisarwa da girmamawa, za a yi mini irin tasa ba.

Abin bai tsaya a bakin ƙofar asibiti ba. Wani ya gaya wa dangin Baraka cewa mai kwamfuta ne ya goge fayil ɗinta. Fagge ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Matata tana sayar da kayan miya a ƙofar gida, maƙwabtan da suka shekara suna saye a wurinta yanzu sai su wuce zuwa layi na gaba. Babbar 'yata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, ta ƙi faɗin abin da aka ce mata. Na nemi aiki a wurare uku a Sabon Gari, duk inda na je labarin ya riga ni. Wata biyu na daina salla a masallacin layinmu, ina tafiya har wani na bakin titi, don kada in haɗa sahu da mijin Baraka.

Buƙatuna.

Ta farko, kuma ita ce ta gaggawa: har ranar da na bar asibitin ba a gyara layin izinin nan ba. Injiniyan ya canja faifai ya koma Abuja. Ban san ko an gyara daga baya ba, kuma ina da yaƙinin kai ma ba ka sani ba. Ka tura wani yau, ba gobe ba, ya buɗe faifan ajiya ya karanta maka kwanan watan kwafi na ƙarshe. Gyaran bai fi aikin minti goma ba. A shirye nake in rubuta yadda ake yi in bayar, ko da ba za a bar ni in shiga ɗakin ba.

Ta biyu: a samo masani wanda ba na kamfanin ba, ba kuma abokina ba, ya karanta rajistar a gaban kwamiti, tun kafin wani ya goge ta. A haɗa da takarduna biyu da jan biron manaja. A saurari Sista Ngozi, kuma kada a taɓa aikinta saboda na ambace ta.

Ta uku: a kira duk wanda aka duba cikin waɗancan makonni bakwai, a gaya masa gaskiya, a sake tambayarsa abin da aka yi masa. Ba Baraka kaɗai aka rubuta wa gargaɗi a lokacin ba. A kuma ba kowane mara lafiya ɗan kati da zai riƙe a aljihu, mai ɗauke da rukunin jininsa da maganin da jikinsa ba ya so.

Ta huɗu: in bincike ya nuna abin da na faɗa, a janye kalmar sakaci daga takardata, a rubuce. Ban ce lallai a mayar da ni aiki ba. In kuma kwamiti ya ga tsoron da ya hana ni zare waya ya cancanci hukunci, a rubuta wannan da sunansa, zan sa hannu.

Ta ƙarshe: kwamiti ya taka ya je gidan Baraka. Har yau ba wanda ya je daga asibitin sai Sista Ngozi, ita ma a kan kanta.

Kafin in aiko da wannan wasiƙa na ga bai dace in sa labarin mutane a jarida ba su sani ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na yi ƙarfin hali na je Kwari, na sami mijin a shago. Ya shimfiɗa mini tabarma a bayan dilolin atamfa, na karanta masa ita tun daga farko, har wurin da na ɗora hannu a kan waya na cire. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ya ce in ɓoye sunan matarsa, kuma akwai wuri ɗaya da bai yi masa ba, inda na rubuta "abin da ke cikinta". Ya ce, "Malam Ganiyu, ba abu ba ne. Mace ce. Ni na ɗauke ta da hannuna na kai ta makwancinta. Ka gaya wa Alhaji mace ce."

Na bar wancan layin yadda yake don ka ga inda ya gyara mini. Na kuma isar da saƙonsa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon duba wannan lamari da adalci. Allah ya ba Baraka lafiya, ya ba ta haƙuri ita da mijinta, ya sa 'yarsu ta zama mai ceto a gare su. Allah ya kare sauran marasa lafiyarmu, ya yafe mana abin da muka gaza a kai, ni da ku baki ɗaya.

Wassalam.

Abdulganiyu Yusuf,
Fagge, Kano.